Tocilar Gwaggo

A gidanmu na Kwaciri ba a cewa bindiga, Gwaggo ake cewa. Baba ne ya kafa wannan doka tun muna yara, don kada bakin yaro ya suɓuce a waje a ji cewa akwai makami a gidan. In ya ce, "A ba ni wuri, zan shafa wa Gwaggo mai," mun san zai sauko da ita daga kan kabad, ya shimfiɗa tsumma a tsakar gida, ya wuni yana goge-goge. Tsohuwar bindigar farauta ce mai baki ɗaya, da lasisinta da komai. Tun yana aikin gandun daji a ƙasar Barno take hannunsa, kafin ya ajiye aiki ya dawo Kano, inda iyayensa suka daɗe da zama.

Duk wanda ya san Baba da ƙuruciya, labarin idonsa yake fara ba ka. Wai yakan hango zabuwa a cikin ciyawa tun abokan tafiyarsa ba su gama ganin ciyawar ba. Mutane sun yi ta faɗa har suka gaji suka bari, shi kuwa bai bari ba.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni kaɗai ce a gabansu, shi da Inna. Aurena ya mutu na dawo gida, yayyena maza ɗaya yana Legas ɗaya yana Maiduguri, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari. Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa da alkawura, kowa yana cewa yanzu talaka zai sha iska. Mu dai abin da muka fara gani a layinmu 'yan fashi ne. Suka shiga gidan wani mai sayar da yadi kusa da mu, suka ɗaure shi a gaban iyalinsa, suka kwashi abin da suka kwasa. Washegari Baba ya sauko da Gwaggo, bai kuma mayar da ita kan kabad ba.

Daga nan hankalina ya tashi, kuma ba 'yan fashin nake tsoro ba. Idon Baba ya daɗe yana tafiya, ni da Inna mun sani. Yakan zuba shayi a gefen kofi ya ce tire ne ya karkace. Ya daina buɗe Alƙur'ani, ya ce ai abin da yake karantawa yana kansa. Mutane kuwa da murya yake gane su: in ka yi sallama zai kira sunanka, in ka yi shiru sai ya bi ka da "sannu, sannu" irin ta kowa da kowa. Wani farin abu ya kwanta masa a ƙwayar ido kamar an ɗiga nono. In aka ambaci asibiti sai ya ce idon da ya yi shekara da shekaru a daji ba ya bukatar wani yaro ya zo yana haska shi. To wannan mutumin, wanda ba ya bambance 'yarsa da turmi in ta yi shiru, shi ne ya shimfiɗa tabarma a soro ya ajiye bindiga a gefe, ya ce shi ne mai tsaron gida. Tsorona ɗaya ne: wata rana zai harbi ɗaya daga cikinmu, ya ƙarasa rayuwarsa da wannan a zuciya.

Ni kuma Allah bai hore mini haƙuri ba. Ina da tsaki tun ina ƙarama, dogo, mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, wanda Inna take cewa ba a ɗakinta na samo shi ba. Baba ya tsane shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, amma wannan bai taɓa hana shi cewa, "Uwata, ba a yi mini tsaki a gida" ba. A daminar nan na ji wannan magana har kunnena ya gaji.

Maratayi ya fara aike ni in nemo wa Gwaggo, don tsohon ya bushe ya tsage. Da can da kansa zai je, amma ya daina tsallaka titi, wai ƙafarsa ce take damunsa. Tunda ni ce mai fita kullum, aikin ya faɗo kaina. Ya gindaya mini sharuɗɗa: fatar saniya ba ta akuya ba, faɗin yatsa uku, kada a sa masa ƙarfen da zai riƙa ƙara. Sannan kada in kuskura in faɗi ko na mene ne.

Na je wurin wani baduku a cikin Fagge, dattijo mai son hira. Na gwada masa tsawon da hannu.

"Na mene ne, Hajiya? Jaka ko gafaka?"

"Na Gwaggonmu ne," na ce.

"Allah sarki. Ta manyanta?"

"Sosai."

"Abin da za ta rataya da nauyi?"

"Da ɗan nauyi."

"To bar ni da shi. Na san irin wanda ba zai ci mata kafaɗa ba."

Ranar da na koma karɓa, sai ya zaro mini abu ja wur. Ya lulluɓe fatar saniyar da jar fata mai laushi, ya bi gefenta da koren zare, ya maƙala tuntu biyu suna lilo. Yana ta murmushi yana jiran yabo. Me zan ce masa? Bakina a ɗaure yake, ba halin in ce bawan Allah, bindiga za a rataya da shi. Na yi godiya, na cusa shi a jaka, na taho ina cizon yatsa.

Baba ya karɓa ya bi shi da yatsu daga wannan kai zuwa wancan. Ya auna faɗin, ya ja shi da ƙarfi, ya yaba ɗinkin. Da hannunsa ya kai kan tuntun sai ya tsaya.

"Wannan kuma fa?"

"Ado ne, Baba."

"Gwaggo amarya ce?"

Ya sa wuƙa ya datse su. Sannan ya ɗaga maratayin sama, wajen hasken rana, ya juya shi kamar mai dubawa, ya ce, "Ko ba komai ya yi hankali da ya yi shi baƙi. Baƙi ba ya ɗaukar ido." Na dubi Inna, ta girgiza mini kai kada in tanka. Ban tanka ba, tsaki kawai na ja, aka kuma karanta mini dokar gida.

Tocila ita ce ta kusa haukata ni. Baba ya yanke shawarar ɗaure ta a jikin Gwaggo, a ƙarƙashin baki, wai don hannunsa biyu su zama a sake. Na zauna na yi masa bayani a tsanake, yadda nake yi wa 'yan aji.

"Baba, in ka ɗaure ta a nan, duk wanda za ka haska sai ka nuna shi da bakinta. In Inna ce ta fito alwala fa?"

"Ni ban san Innarki ba?"

"Ka riƙe tocilar daban mana. Ka fara ganin ko wane ne tukuna."

"Uwata, ke alli kika sani. Bar ni da abin da na sani."

A kasuwar Sabon Gari akwai wani mai sayar da kayan wuta, Ibo ne haifaffen unguwar, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Oga muke ce masa. Matarsa, Madam, tare muke koyarwa, shi ya sa ya yarda in riƙa ɗaukar kaya in gwada, in bai yi ba in mayar. Da ya san abin da yake jawo wa kansa da bai yarda ba.

Na fara kawo mai batir biyu. Baba ya kunna, ya kashe, ya ce wannan ta neman takalmi a ƙarƙashin gado ce. Na kawo mai batir uku, ya ce tocilar ba laifi amma batiran jabu ne. Na canjo batira, ya ce to ƙwan ne ya tsufa. Na kawo irin wadda ake caji, sabuwar shigowa a lokacin, sai aka ɗauke wuta aka manta da mu, ta mutu a hannunsa, ya ce dama ya san kayan zamani ba su da amana. Kowace tafiya kuwa bayan an tashi makaranta ce, ga yunwa, ga alli har gwiwar hannu. In kutsa cikin kasuwa, in fito in faɗa cinkoson mahaɗar Bata, 'yan acaɓa suna watsa mini taɓo a zani, tocila tana dukan haƙarƙarina a cikin jaka. In iso gida a ce ba ta yi ba. Wallahi akwai ranar da na tsaya a bakin titi na yi niyyar wurga ta a kwata, tunanin fuskar Madam ne ya hana ni.

A ƙarshe Oga ya ɗauko mini wadda ta fi kowacce girma a rumfarsa, ta ƙarfe, mai batir biyar, tsawonta ya kai kamu guda. Na biya wurin mai faci na karɓo tsohon tiyub na keke, muka yayyanka shi, Baba ya naɗe ta a jikin Gwaggo tamau. Nauyi ya rinjayi bakin, in ya rataya sai ya riƙa zamewa yana dukan gwiwarsa, amma ya bar shi a haka. Ya rufe ƙofar soro ya kunna. Ni dai sai da na kare idona. Duk wata yanar gizo da tsagar bango ta fito fili, har ƙadangare ya ruga.

"Da dama-dama," in ji Baba. "Amma kamar akwai hayaƙi a gilashin. Goge shi."

Na goge. Ya ce in ƙara gogewa. Na ƙara. Ya ce gobe in tambayi mai kayan ko akwai wadda ta fi ta.

Na je na tambaya, don in ban je ba zai tambaye ni har a sallar asuba. Oga ya ajiye abin da yake hannunsa ya dube ni.

"Malama, ba don ina tsoron kayana ba. Wannan tocilar masu gadin manyan shaguna suke saye. Wai wa ake saya wa ne?"

"Gwaggonmu."

"To in Gwaggonku ba ta gani da wannan, ba tocila za a canja ba. Idonta ne."

Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Abin da na kasa sa ubana ya saurara a cikin gidansa, ga shi wani ya faɗe shi a tsakiyar kasuwa yana ba wata canji. Na ce, "Oga, ba ta jin magana." Ya ce tsofaffi haka suke, Allah ya ba ta lafiya.

Ana nan sai maganar saiti ta taso. A saman bakin Gwaggo, can ƙarshe, akwai wata 'yar ƙwayar tagulla kamar ƙwayar dawa, da ita ake daidaita abin da za a harba. Wata la'asar Baba ya sa na yi masa zane da gawayi a bangon tsakar gida, ya ɗaga Gwaggo ba harsashi, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe a haka. Ya sauke ya ce saitin ya fita, a nemo maƙeri ya yi wani. Ƙwayar tana nan tana ƙyalli a rana. Na kama yatsansa na ɗora a kai.

"Ga ta nan, Baba."

"To ta side. A yi mini babba."

"Ba zan je ba."

Ban taɓa ce masa haka ba tunda aka haife ni. Ya shafa ya nemo maratayin Gwaggo, ya koma soro da ita. Ya daina kirana, in na gaishe shi ya amsa a ciki, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Inna ta bi ni har ɗaki tana roƙo, wai in rufa masa asiri, namiji ne, gidansa yake karewa. Na ce Inna, daga wa? Ta ce in dai yi haƙuri. A ƙarshe na samo farin fenti na ɗiga a kan ƙwayar, na ce masa an gyara. Ya ɗaga ya ce, "Yauwa, yanzu aka yi aiki." Na rantse bai ga komai ba, kuma na ji haushin kaina da na shiga cikin masu lallaɓa shi.

Haushin nan na kai makaranta. Madam ta ga fuskata ta tambaye ni jikin Gwaggo, don mijinta ya ba ta labari. Ni kuma na saki baki na ce, "Bari kawai, yanzu kuma wai saiti ta rasa." Ban kawo komai a raina ba. Ita kuwa ta ɗauki maganar yadda duk ɗan Kano zai ɗauke ta, wato tsohuwa ta fara taɓuwa.

Ranar Asabar da hantsi sai ga sallamar Madam a ƙofar gidanmu, da ledar lemo da ayaba. Baba yana soro, ya ja bargo ya rufe Gwaggo a bayansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya gane muryarta ya amsa da fara'a, ya tambayi maigidan da kasuwa.

"Baba, na zo duba Gwaggo ne," ta ce.

Ina tsaye a bakin ƙofar ciki, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya gyara zama, ya ɗora hannu a kan bargon.

"Tana barci," ya ce.

"To kada a tashe ta. Amma Baba, ka yi haƙuri in faɗi wata magana. Mahaifina haka ya yi mana a gida. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ya ce fitila ce ba ta da kyau, ya ce rana ce ba ta fita sosai. Kunya yake ji. Ga asibitin ido nan kusa da mu a Sabon Gari, ana cirewa mutum ya koma gida. Amma in aka bari ya daɗe, wani ba ya gyaruwa. Kuma zaman duhu shi yake sa tsoho ya fara rasa saiti. Kai ne babba, kai za ta ji maganarka. Ka lallashe ta."

Baba ya ce, "Za a faɗa mata. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Tana fita ya juyo inda yake zaton ina tsaye, ya ce na kai sirrin gidansa kasuwa. Na ce ban faɗi komai ba sai sunan da shi ya ce a riƙa faɗa. Ya ce in ɓace masa da gani. Na so in ce dama gani na kake yi? Allah ya taimake ni na haɗiye. Da yamma na same shi ya ƙara wa tocilar roba, ya ɗaure ta fiye da da.

Lokacin jarrabawa ya zo, ruwa ya dake ni, mura ta kama ni, ga ihun da nake yi wa yara a aji. Muryata ta dishe gaba ɗaya, in na buɗe baki sai iska. Ranar da abin ya faru na tsaya makin takardu har yamma, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwa ya tsuge ina Bata. Wani mai shago ya ba ni babbar baƙar leda na lulluɓa tun daga kai. Ban san cewa da rana an yi ta raɗe-raɗin an ga baƙin fuskoki suna zagaya layinmu ba, har Baba ya ƙi zuwa masallaci ya yi magariba a soro. Na iso ana idar da salla, an ɗauke wuta, layin ya yi duhu tun lokacinsa bai yi ba.

Na tura ƙofa na yi sallama. Ni na san na yi, amma ba abin da ya fito, ɗan abin da ya fito kuma ruwan da yake dukan kwano ya cinye shi. Sai haske ya doke ni a fuska.

Na san hasken, ni na sayo shi. Na kuma san abin da yake samansa, don ni na karɓo robar da aka haɗa su da ita.

"Wane ne?" in ji Baba.

Na buɗe baki, iska. Na fizge ledar daga kaina, na ture mayafina baya, na miƙa fuskata cikin hasken don ya gan ni da kyau. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba.

"Wane ne? Yi magana."

Na ji ƙaras, ya ɗana Gwaggo. Na san in na juya da gudu ko na matsa gaba, shi ke nan. Tsoro ne ya fara kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, amma bai daɗe shi kaɗai ba, baƙin ciki ya taso ya danne shi. Tocilar da ta fi kowacce a kasuwar Sabon Gari tana kan fuskata, fuskar da ya yi wa huɗuba, fuskar uwarsa in ji shi, kuma bai san ni ba. Duk yawon nan, duk taɓon Bata, duk "goge gilashin" da "nemo maƙeri", ga inda suka kawo mu. Ba dabara na yi ba, ban ma yi tunani ba. Takaici ne ya cika mini baki, na ja tsaki, dogo, har da lanƙwasarsa.

Hasken ya yi rawa. Ya sauka daga fuskata zuwa ƙirjina, zuwa ƙafata, ya tsaya a kan daɓe.

"Uwata?"

Ban iya amsawa ba, sai na taka na matso, takalmina yana fitar da ruwa. Ya zauna daɓas a kan tabarma. Ya buɗe cikin Gwaggo ya zare harsashin, ya miƙo hannu. Ba inda nake ya miƙo ba, gefe ya miƙa, sai da na zagaya na tara hannuna. Harsashin ya jiƙe da gumin tafinsa.

Inna ta fito da fitilar ƙwai tana tambayar lafiya. Ya ce, "Ba komai, Uwata ce ta dawo." Ya fara ƙoƙarin kwance robar, ya kasa gano bakin ƙullin. Na durƙusa na kwance masa, zagaye bayan zagaye, har tocilar ta rabu da Gwaggo. Na shiga ɗaki na yi kukan da ba a ji, tunda muryar yin sa ma babu.

Da safe na kai masa shayi, na zuba masa da kaina. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Uwata."

Na taɓa gwiwarsa don ya san ina ji.

"Asibitin nan da matar nan ta ce a kai Gwaggo. Da nisa?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce cikin raɗa, "Babu nisa, Baba."

"To ki nemi izini a makaranta. Gwaggo ta yarda."

Idon hagu aka yi wa aiki. Na dama likita ya ce akwai wani ciwon a ƙarƙashin yanar, kuma an makara, ba abin da za a yi masa. Na ji zafin wannan har yau, don da ya saurare mu tun farko wataƙila da an tsira da shi. Oga da Madam suka zo dubiya, a nan suka gane ko wace ce Gwaggon da ba ta gani, amma ba wanda ya nuna, sai dai Oga ya yi ta kallon rufin ɗaki yana danne dariya.

Bayan an cire masa bandeji da 'yan kwanaki, ya zauna a tsakar gida da hantsi ya ce a kawo masa Gwaggo. Na kawo. Ya dubi 'yar ƙwayar tagulla da ɗigon fentina a kanta. Sai idonsa ya sauka a kan maratayin. Ya juya shi, ya sake juya shi, ya bi koren zaren da yatsa.

"Ashe ja ne."

"Ja ne, Baba."

"Da wannan nake zama a soro mutane suna wucewa?"

"Tun farkon damina."

"Kuma aka rasa mai faɗa mini."

Na ji tsaki ya taso mini, kafin in tare shi ya fita. Inna ta zaro ido tana jiran a karanta mini dokar gida. Baba ya ɗago ya dube ni da idon nan guda, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini Gwaggo ya ce in mayar da ita kan kabad. Tocilar kuwa Inna ya ba, da ita ta riƙa duba kajinta.

Ya ƙara shekaru a duniya bayan nan, muna faɗa muna shiryawa kamar kullum. Bai taɓa tayar da maganar magaribar nan ba, ni ma ban tayar ba. Amma har Allah ya karɓi ransa, bai sake hana ni tsaki a gidansa ba.